Rahoton Kwamitin Kwashe Jujin Gandun Daji da Ginin Sabuwar Bola

Assalamu alaikum. Tun bayan kammala aiki ake tare mu a masallaci da kasuwa ana tambayar yadda aka yi da kuɗin gudummawa, wasu ma har suna cewa ai kwasar shara ba ta kai a kashe mata haka ba. Littafin shiga da fita da dukkan rasidai suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Ga bayanin a taƙaice.

A cikin kowace naira 100 da kuka bayar, 41 ta tafi ladan leburori, 22 man tifa da abincin direbobi, 19 ginin bola, 12 gyaran ƙasar wani wuri a gefen rafi da aka daɗe ana fasa tsofaffin batiran mota, sauran 6 kuma safar hannu, takalman roba, shebur, manjagara da baro. An kwashe sahun tifa 34. Ƙarafa an sayar wa 'yan jari-bola, kuɗin ya koma asusu. Ruɓaɓɓiyar shara an tace ta, an fitar da leda da kwalba, manoma suka ɗiba don taki. An fara aikin ne bayan kaka, domin zabin daji a ƙasa suke ƙwai da damina, ba ma so a tattake musu sheƙa.

Abin da aka fi yi mana ƙorafi a kai shi ne ƙin ɗaukar hayar katafila. Gaskiya ne da katafila aka sa, da kwana uku sun isa, maimakon mako bakwai da muka yi. Amma wanda bai tsaya a wurin ba bai san abin da ke ƙarƙashin jujin nan ba. Tarkacen da ya shekara goma a daji ya riga ya zama gidan wasu. Da rani damo da bushiya kan shige wuri mai duhu da sanyi su lafe, ba sa yawo sai ruwa ya sauka, kuma babu inda ya fi musu daɗi kamar ƙarƙashin tsohon kwano, fasasshen bulo da ramin taya. Dabbar da ke cikin wannan hali ba ta gudu idan ta ji ƙarar inji, sai dai a murƙushe ta a inda take. Ban da haka, jujin ya shiga har tsakanin tsamiya da marke da kanya, kuma yawancin ƙananan saiwoyin da itace ke shan ruwa da su ba su da nisa da saman ƙasa. Haƙorin katafila ya bi ta kansu sau ɗaya, bayan shekara biyu sai ka ga itace yana bushewa daga sama, a rasa dalili. Malamin daji ya faɗa mana haka tun ranar farko, kuma mun ga gaskiyarsa.

Don haka da hannu aka yi, kuma da tsari. An soma daga bakin titi ana tafiya zuwa cikin kurmi, gefe guda kawai, don duk abin da ya fito ya sami hanyar gudu ba ta wajen gidaje ba. Ba a ɗaga kwano da hannu. Akwai rodi mai lanƙwasa, tsawon mita ɗaya da rabi, ana maƙalo bakin kwanon na nesa a jawo shi, yadda kwanon zai zama garkuwa tsakanin mutum da abin da ke ƙasa. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, ga saurin sara, dafinta kuwa hana jini daskarewa yake yi. An ci karo da ita fiye da sau ɗaya, amma cikin ikon Allah ba wanda ta sara. Masu cewa takalman roba almubazzaranci ne, su tambayi kuɗin allurar maganin dafi. Bushiya da kunkurun da aka samu an mayar da su ƙarƙashin tarin duwatsu da busassun itatuwa guda tara da muka jera a inuwa, domin idan ka ɗauke wa dabba mafaka ba ka ba ta wata ba, shirwa da karnuka ka miƙa wa ita.

Kuɗin da ba mu tsara da shi ba shi ne na gefen rafi. Bayan an ɗauke tayu sai muka tarar da wurin da aka daɗe ana fasa tsofaffin batiran mota ana zare dalma. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, ruwan sama sai dai ya kai ta gaba. Zabi da kurciya suna haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci a ƙundunsu, su haɗa da ɓarɓashinta, dabbobin kiwo kuma su lashe ta a ƙasa. Kowa na tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinare ta hallaka yara sama da 400, sai da aka kankare saman ƙasar ƙauyuka irin su Bagega aka zuba sabuwa. Namu bai kai nan ba ko kusa, amma hanyar gyaran ɗaya ce. An yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, an kankare santimita 15, an zuba a rami can kan tudu wanda aka daɓe da laka aka shimfiɗa masa leda mai kauri, aka rufe. Sahun tifa biyar na jar ƙasa ya maye gurbin abin da aka ɗebe. Batiran da ba a fasa ba masu sayen su sun ɗauka. Tayu 200 da ɗoriya ba a ƙona ko ɗaya ba, masu yin takalma da guga da igiya sun kwashe.

Kuskurenmu ɗaya ba za mu ɓoye shi ba. Ba mu yi lissafin ɓeraye da gafiya ba. Da abincinsu ya ƙare sai suka nufi gidajen da ke kusa. Mun raba tarko, mun kuma roƙi kada a sa guba, domin mujiya ko ungulun da ya ci mushen shi ma ya tafi, ga shi ungulu ya riga ya yi ƙaranci a ƙasar nan. Muna ba maƙwabtan haƙuri.

Yanzu karnukan da ke kwana a jujin sun watse, hankaki sun ragu, kuma su ne masu shan ƙwan tsuntsayen ƙasa. Ana ganin sawun zabi da zomo a inda da ba a iya taka ƙafa. Makiyaya ma sun huta da leda, wadda mahauta suka san yadda take dunƙulewa a tumbin saniya har ta rame ta mutu.

Sabuwar bola tana bakin titi, ɗaki biyu, bulo inci tara, daɓen kankare mai ɗan gangara don ruwa ya fita.

Godiya ta musamman ga Mai Girma Hakimi da Dagaci, waɗanda suka zo da kansu har sau uku. Alhajin da ya ba mu aron tifa mako bakwai cur bai karɓi ko sisi ba, ya kuma hana a ambaci sunansa, Allah ya san shi, Allah ya saka masa da gidan Aljanna. Haka iyayenmu mata masu adashi da suka ɗauki nauyin kunu da ƙosai, da mahauta, da 'ya'yan garin nan mazauna Legas da Abuja.

Sai dai gefen titin nan a buɗe yake har yanzu, kuma a makon jiya an wayi gari da buhu huɗu na shara da wani ya sauke da dare. Ana bukatar shinge mita 300, da turakun kankare 100, ɗaya a kowace mita uku, da waya layi huɗu. Layin ƙasa zai tashi santimita 30 daga ƙasa, kuma mara ƙaya, don zomo da kunkuru su wuce. Ana kuma bukatar ƙofa ɗaya da ladan mai gadi na wata shida. Dole a kafa turakun kafin ruwan farko, in ba haka ba sai baɗi. Mai buhun siminti ya kawo, mai rodi ya kawo, mai kuɗi ya ga ma'aji ya karɓi rasidi a nan take.

Wassalam.
Sakataren Kwamiti, a madadin mambobi.