Wasiƙa: A duba ƙasar da ake farauta kafin a sayi maɗorin bindiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana mafarauta, musamman matasan da suka shigo sana'ar, a kan abin da ake ɗora bindiga a kai lokacin saiti. A kakar bana na fita da ɗan ƙanena zuwa wata fadama a ƙasar Yauri, yana saɓe da ƙarfe mai ƙafa uku irin wanda masu hoto ke kafa kyamara a kai, wanda ya saya da tsada. Da muka hango gada a gefen gonar shinkafa, kafin ya gama zare ƙafafun, ƙarar ƙarfen ta riga ta kore ta, kuma ko da ta tsaya, ƙafa ɗaya ta riga ta nutse cikin taɓo har maɗorin ya karkace.

Ba ina kushe ƙafa uku ba ne, domin duk wanda ya ga tukunya a kan murhu ya san dalilin da ya sa ta fi tsayuwa daram. Akwai waɗanda aka ƙera musamman domin bindiga, masu baki kamar gwafa ko masu matse ta, kuma suna da amfani ga mai kwanton ɓauna a wuri ɗaya, a ƙasa mai tauri. Amma na kyamara ba a yi shi domin ya jure naushin bindiga ba, yana da ƙyalli a rana, ga shi kuma a halin tsaron da muke ciki, mutum ɗauke da bindiga da ƙafafun ƙarfe a daji yana iya jawo wa kansa zargin da bai ji ba bai gani ba.

Abin da ya kamata mai saye ya fara tambayar kansa shi ne, a tsaye zai yi harbi ko a zaune. Gajeren mai ƙafa biyu da ake maƙalawa a jikin bindiga na mai harbi a kwance ne, wanda kuwa ya kwanta cikin gamba bayan damina ba abin da zai gani sai ciyawa. Sanda mai gwafa ɗaya tana da sauƙin ɗauka, tana ɗauke nauyi, amma ba ta hana bindiga lilo dama da hagu. Abin da na fi amincewa da shi a fadama shi ne sandunan gora uku masu tsawon kai, a ɗaure su da robar tayar keke kamar taƙi ɗaya daga sama, ta yadda idan an ware su gwafar za ta tsaya kusa da hammata. A tura ƙafa ɗaya gaba wajen dabba, biyu su dawo baya, mai harbi ya tsaya tsakaninsu. Idan ƙasa ta yi laushi sai a ƙara ware su, ba ƙusa ba makulli, ba kuma ƙara. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗora ƙarfen bindigar kai tsaye a kan abu mai tauri, wanda ke sa ta zabura harsashi ya kauce. Itacen da ke ƙarƙashinta ake ɗorawa, a kan roba ko tsumma.

Mai harbin dinya ko zabon daji a tashi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ke neman gada daga nesa ne ke buƙata, domin hannun da ke rawa shi ke raunata dabba ta gudu ta mutu cikin sarƙaƙiya ba wanda ya ci moriyarta.

Ina kuma tuna wa matasa cewa Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisi: na bindigar toka daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na bindigar farauta mai harsashi daga Sufeto Janar. Shi dai ɗan ƙanen nawa ya sayar da ƙarfensa ga wani mai ɗaukar hoton biki, kuma makon jiya muka je muka saro gora.

Naka,
Wani tsohon mafarauci,
Yauri, Jihar Kebbi.