Sanarwa: gudummawa ga mutanen Agavedzi da Salakope

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Teku na ci gaba da cin gaɓa a Agavedzi da Salakope, can gundumar Ketu ta Kudu a Ghana. Tun ambaliyar Nuwamban 2021 abin bai lafa ba. Jiya na leƙa, na tarar da tsohuwar da muke sayen busasshen kifi wajenta tana kwana a aji, yashi ya cika ɗakinta har taga.

Za mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a harabar masallacin zango. Kowa ya zo da sidi 20, ko tabarma da tufafi masu kyau, ba tsummokara ba don Allah. Wanda uzuri ya riƙe, ya tura wa ma'aji ta MoMo, wato kuɗin waya, kafin Juma'a.

Allah ya bar zumunci.
Naku, Sakatare