Amsar Tambayar Kawu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da su Yaya da ƙannena baki ɗaya. Ni ma lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi, sai dai sanyi da ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu.

Ranar da muka yi waya kun ce Kawu ya tambaye ku ko ni likita ce, kuka rasa amsar da za ku ba shi. Layi ya yanke ban gama bayani ba, abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ni ba likita ba ce, Baba. Ban taɓa yi wa kowa allura ba. Jami'a ta ɗauke ni a matsayin mai bincike, kuma aikina lissafi ne a kan bayanan marasa lafiya. A nan Ingila akwai hukumar lafiya ta NHS tun 1948, kusan kowa yana da likitan unguwa da ya yi rajista da shi. Duk zuwan da mutum ya yi ana shigar da shi a kwamfuta: awon jini, maganin da aka rubuta masa, ranar da aka kwantar da shi. Idan aka haɗa na miliyoyin mutane, abin da likita ɗaya ba zai taɓa gani daga ɗakinsa ba sai ya fito fili. A 2020, lokacin korona, masu bincike na wani shirin nazarin bayanan marasa lafiya mai suna OpenSAFELY sun duba bayanan manya sama da miliyan 17, suka nuna cewa bayan tsufa da ciwon suga da talauci, baƙar fata da 'yan asalin Kudancin Asiya sun fi farare haɗarin mutuwa da cutar.

Na san abin da Inna za ta fara tambaya: ashe asirin mutane muke leƙawa? Wallahi a'a. Ana cire suna da adireshi kafin bayanan su iso gare mu. Wata shida na yi ina jiran izini kafin a buɗe mini, kuma ko layi ɗaya ba ni da ikon kwafewa in fita da shi. Sakamakon lissafin ma sai wani ya duba ya tabbatar ba za a gane kowa ta cikinsa ba. Amana ce, kuma haka nake riƙe da ita.

Abin da nake bincike a kai shi ne ciwon suga a jikin masu sikila. Akwai awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan mutum ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Yana aiki ne saboda jar ƙwayar jini tana rayuwa kamar kwana 120, suga yana manne mata a hankali. To amma ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Kun ga ke nan awon zai iya fitowa ƙasa, a ce wa mutum lafiyarsa lau, alhali ciwon yana cinsa a ɓoye. Duk sanda na buɗe wannan aikin, marigayiya ɗiyar Goggo nake tunawa, Allah Ya jiƙanta.

A watan jiya na yi wani kuskure da ya hana ni barci. Lissafi ya nuna mini wai dubban mutane sugansu ya faɗi warwas a lokaci guda. Na yi murna, har na fara rubuta rahoto. Da na koma ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wani an rubuta masa 48, wani kuma 6.5. Ashe ma'auni biyu ne, sabo da tsoho, kuma 48 ɗin daidai yake da 6.5 ɗin. Ni ce na cakuɗa su. Aikin mako uku ya tafi. Na je na gaya wa shugabar ƙungiyarmu da bakina, jikina a sanyaye, ta saurare ni, muka zauna muka gyara tare. Da ya wuce a haka, wani likita zai iya karantawa ya yi aiki da shi a kan ɗan wani.

Abin da ya fi damuna dai shi ne gurbin da ba a cike ba. Akwai babbar taskar bayanai ta UK Biobank, mutum kusan dubu 500 da aka tara tsakanin 2006 da 2010, ana ta gano abubuwa da ita. Amma sama da tara cikin goma farare ne. Wanda ba a rubuta shi ba, lissafi ba ya ganinsa, kuma maganin da aka auna babu shi ba lallai ya yi masa daidai ba. Wannan ne ke tashina da asuba, ko da kwantiragina na shekara biyu ne kawai kuma saura wata tara ya ƙare. Ina rubuta takardar neman tallafin ci gaba da binciken, ku sa ni a addu'a.

Sai roƙona. Na'urar awon hawan jini da na aiko wa Inna, don Allah kada a ajiye ta a akwati. Auta ta samo littafi, ta ja layi huɗu: kwanan wata, lokaci, lambar sama, lambar ƙasa. A auna safe da yamma, bayan Inna ta zauna minti biyar ta huta, hannunta a kan tebur. Ranar da ba ta sha magani ba ma a rubuta, ba laifi ba ne. Idan za ta ga likita a tafi da littafin, ni kuma Auta ta riƙa ɗauko mini hoton shafin duk ƙarshen wata.

Ku gaishe mini da Kawu, ku karanta masa wannan. Ina gaida Inna da Goggo da kowa da kowa.

Wassalam,
'Yarku