Sanarwa kan atisayen keke da manhaja

Salam ƴan uwa, dan Allah daga wannan satin kowa ya riƙa kunna Strava, manhajar da ke ajiye bayanan atisaye, kafin ya hau keke, mu ga lokaci da bugun zuciya ba kilomita kawai ba. Na lura wasunmu kullum da ƙarfi suke takawa, wallahi jiki ba ya ginuwa a haka, yawancin fita ya kamata ta zama a hankali yadda za ka iya hira kana taka feda, mai zafin sau biyu a sati ya isa. Masu na'urar auna ƙarfi ku yi gwajin FTP (wato ƙarfin da za ka iya riƙewa kana taka feda na kusan awa ɗaya) na minti 20, ku ɗauki kashi 95 cikin 100 na sakamakon ku saka a manhajar. Sannan ku shiga saitin sirri ku ɓoye inda kuke farawa a taswira, kar baƙo ya gane ƙofar gidanku.