Tarin Hajiya da yayen Auta

Assalamu alaikum Aminiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina maigidan da yara, ya damunar Kumasi? Na san fushi kike, wata huɗu ba ni ba labarina. Kwance ɗamarar tukuna ki ji.

Da Auta ya cika shekara biyu na kai shi yaye wurin Hajiya kamar yadda aka yi wa yayyensa. Ita kuwa sai murna, wai angonta ya tare. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, ga hunturu, kin kuma san Hajiya da sanyi: taga a rufe, tsumma a ƙarƙashin ƙofa, kaskon garwashi da turaren wuta har asuba. Ta fi wata biyu tana tari, muna ta ɗura mata citta da zuma, wai ƙura ce. Sai da ta fara jiƙewa da zufa cikin dare a tsakiyar sanyin nan, zobenta yana zamewa daga yatsa, sannan babansu ya tasa ta gaba zuwa asibiti. Aka auna kakinta. Tarin fuka.

Kin san me na fara yi? Ware mata kofi da cokali! Ma'aikaciyar jinyar ta dube ni ta ce, "Maman yara, ba a kwano yake ba, a iska yake. Wa ke kwana ɗakinta?" Wallahi sai da cikina ya juya.

Don yaron ya riga ya canza, ni ce ban gani ba. Ya rame, ya daina wasa, zazzaɓi ya tafi ya dawo, kowa na cewa ai yaye ne, ko haƙori. Tarin ma ba wani mai ƙarfi ba. Ashe haka yake wa ƙanana, kuma ba su iya fitar da kaki, sai da aka haɗa da kashinsa da hoton ƙirji kafin a tabbatar. Ma'aikaciyar ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5, balle wanda bai wuce 2 ba, in ƙwayar ta shige shi ba ta cika kwanciya shiru kamar a jikin babba ba, tana saurin zama ciwo, wani lokacin har ta hau ƙwaƙwalwa. Na nuna mata tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a dantsensa ina cika baki, ta ce allurar tana tare munanan nau'o'in ne, ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Sannan ta jero tambayoyi kamar alƙali: yana cin abinci sosai? Ya yi ƙyanda kwanan nan? Akwai mai shan taba a gidan? Da icce muke girki? Ana tafasa madarar shanu? Har gwajin ƙanjamau aka yi mana, kada ki ga fuskar babansu. Lafiya lau, alhamdulillahi. Amma maganar abincin ta tsaya mini a rai. Yaron da aka raba da nono, yana ƙin tuwo, sai koko safe da yamma, da wane ƙarfi jikinsa zai yi faɗa?

Af, kin ji uwargidan Baffa ta koma? Bayan duk rantsuwar nan! Da akwati biyu ta fita, da uku ta dawo. Zan ba ki wannan a waya, takarda ba za ta ɗauka ba.

Yanzu dai wata na uku kenan suna shan magani, kyauta ake bayarwa, Hajiya nata wata 6 ne ba fashi. Auta ya fara kumatu, jiya ma ya fasa mini kwalbar turare na ji daɗi. Yayarsa mai shekara 4 ba a sami komai ba, amma an ɗora ta a kan na rigakafi tunda ita ma can take wuni. Hajiya ce abin tausayi, kuka take wai ita ta cuci angonta. Tagarta kuwa yanzu a buɗe, tana ƙudundune cikin bargo biyu tana yi mana Allah ya isa.

Ke kuma, ƙanen mijin nan naki mai sigari da kika ce tarinsa na hana ku barci, har yanzu a falonku yake kwana? Kuma shi ke goyon jaririyarki a kafaɗa? Ki bar kunyar nan taki, ki sa yayansa ya kai shi a auna shi cikin satin nan.

Akwai abin da na zauna in tambaye ki tun farko, ya ɓace mini. In na atamfar bikin ne, shuɗiyar nake so.

Ki gaida Inna da kyau.

Taki har kullum,
Maman Auta