An sa hannu a takardar, mutumina

Assalamu alaikum, mutumina.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya sanyin wajen naku? Ya amarya? Na san za ka ce an shekara uku, ai ta tashi daga amarya. To a wurina tana nan a amaryarta har ranar da ka kawo ta muka gaisa ido da ido. Ka shafa min kan 'yar tawa. Na ga hoton da ka turo, goshin nan naka ne sak, babu inda ta baro shi.

Na san na yi laifi. Wata huɗu ke nan saƙonka yana zaune a wayata ban amsa ba, kuma ba mantuwa ba ce. Tambaya biyu ka yi min: wai aikin nan na zanen tambari da talla a kwamfuta yana riƙe ni kuwa, sannan ƙaninka ya shiga sana'ar ko kada ya shiga. Duk sanda na buɗe zan amsa sai in rufe. In na ce maka lafiya lau, na yi ƙarya. In na faɗa maka gaskiya kuma na san halinka, a daren za ka fara neman yadda za ka turo min kuɗi. Shi ya sa na ja bakina na yi shiru. Yau kuwa bakin ya buɗe.

Jiya da la'asar aka sa hannu a takarda. Wani kamfani mai rarraba kayan wanki da tsaftar gida ya ɗauke ni aiki na wata shida. Kowane wata zan yi musu zane 12, na tallansu a Facebook da Instagram, da takardun da ake liƙawa a jikin kwalba da kwali, su kuma su biya ni a farkon wata. A farkon wata fa, mutumina! Da na fito daga ofishinsu sai da na tsaya a kan matakala na sake buɗe takardar, na karanta layin nan sau biyu, hannuna yana rawa. Shekara biyar ina wannan sana'a, ban taɓa sanin abin da zan samu a watan gobe ba sai jiya.

Bari in ɗauko maka zancen daga tushe. Ka tuna wayar da muka yi ta ƙarshe, na ce maka na kama babban aiki? Wani mutum ne mai shirin buɗe kamfanin jigilar kaya. Tambari yake so, da katin kasuwanci, da zanen da za a manna a jikin motocinsa. Ya yi min magana mai daɗi, ya ce in aka fara tafiya ni ne mai zanensu har abada. Ban karɓi ko sisi a hannunsa ba na duƙufa. Gyara tara na yi masa. Yau a ƙara girman suna, gobe maiɗakinsa ta ce koren bai yi mata ba, jibi wani abokinsa ya ce a mayar da shi yadda yake tun farko. Mako biyar ina kwana a gaban kwamfuta. Da ya ce ya yi, na tattara fayilolin gaba ɗaya, har na asali waɗanda ake iya sarrafawa, na tura masa. Tun daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Bayan wata biyu ina tsaye a bakin titi sai ga mota ta tsaya a gabana da tambarin nan a jikinta. Wanda ya buga musu ya ja shi ta gefe don ya cika ƙofa, da'irar da na kwana uku ina daidaitawa ta koma kamar ƙwai. Na bi motar da ido har ta sha kwana. Wallahi ranar ban iya taɓa aiki ba.

Wannan mutumin shi ya sa na sauya yadda nake ciniki. Yanzu ba na buɗe kwamfuta sai an ba ni rabin kuɗin aiki kafin alƙalami. Gyara biyu ne a cikin farashi, na uku da kuɗinsa daban. Samfurin da nake turawa ƙarami ne, da sunana a kwance a kansa, cikakken fayil kuwa sai ciko ya shigo. Kuma komai a rubuce, ko da a saƙon waya ne: me za a zana, guda nawa, yaushe za a karɓa, a ina za a yi amfani da shi. Faɗarsa da sauƙi, amma ranar da na fara cewa mutum "sai an ba da rabi" muryata rawa take yi. Mutum huɗu suka juya suka tafi a watan farko. Na yi mako uku cur babu aiki ko guda, ga kuɗin haya ya matso. A cikin makonnin nan saƙonka ya shigo, ka ga dalilin shirun.

Kai ma dai da naka. Wa ya ce maka ana tambayar mai sana'a ko sana'arsa tana riƙe shi? Halinka na tun muna aji yana nan, tambayar da malami ma yake kauce wa ita kake ɗaga hannu ka yi.

Ka yi min zancen kasuwannin intanet, cewa kana jin ana samun kuɗi a can. Ana samu, na kuma samu 'yan ayyuka. Fiverr, ɗaya daga cikin kasuwannin, tun 2010 yake, kuma sunan ma daga dala 5 ya samo asali, farashin da aka fara sayar da ƙananan ayyuka a kai ke nan. Suna cire kashi 20 cikin ɗari na la'ada, kuɗin sabon mai sayarwa kuma yakan yi kwana 14 kafin ya iya cira. A Upwork kai ne kake bin aikin da aka tallata, kana rubuta tayi. Ba na kushe su, kowace kasuwa da la'adarta. Abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga shi ne rumfarsa tana jere da ta masu zane na duniya baki ɗaya, kuma mai saye taurarin yabo yake fara dubawa. Sabon shiga ba shi da tauraro sai ya yi aiki, aiki kuma ba ya zuwa da wuri sai da tauraro. Haƙuri ake yi na watanni. Wanda na daina gaba ɗaya shi ne gasar zane, inda mutane da yawa za su zana tambari guda a zaɓi ɗaya a biya shi, sauran su tashi a tutar babu. Lokacin da zan ba gasa gara in ba shafina na Behance, dandalin da masu zane suke baje ayyukansu. Shi ma na yi masa aski: ayyuka kusan 40 ne a kai, na rage su zuwa 8, kowanne na rubuta matsalar da mai aikin ya zo da ita da yadda zanen ya warware ta.

Amma aikin jiya ba ta can ya zo ba. Ta hannun wata baiwar Allah mai yin sabulu ya zo, kuma ita nake so in ba ka labarinta.

Ta kira ni hankalinta a tashe. Ta haɗa tambarinta da kanta a waya, ya yi kyau a fuskar wayar, ta kai maɗaba'a aka buga mata takardun liƙawa. Da suka fito, shuɗin nan mai haske ya koma wani dusasshen launi, gefen haruffa ya yi zago-zago kamar haƙoran zarto, wuƙar yanka kuma ta cinye ƙarshen lambar wayarta. Ta zo da su a jaka ta zube min a kan tebur, idonta ya kawo ruwa, domin jarinta ne a ciki. Na ɗauki guda na ɗora kusa da wayarta, na yi mata bayani a hankali. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli da haske yake iya fitarwa tawada ba ta iyawa. Hoton da ta kai ƙarami ne, alhali bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Sannan ana barin rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙa, a kuma janye rubutu daga baki. Na sake zana tambarin da layi, irin zanen da ko allon talla za a faɗaɗa shi ba zai fashe ba. Na raka ta maɗaba'ar da kaina, na ce a fara buga guda ɗaya mu gani. Da ta riƙe shi ta juya shi a haske, sai ta yi shiru, can ta ce, "Wannan shi ne sabuluna."

Ita ma na karɓi rabi kafin alƙalami, ba ta ko yi gardama ba. Rakiyar maɗaba'a ce ban sa a lissafi ba. Bayan wata uku na tura mata saƙo, na tambaye ta ya takardun suke, suna jure ruwa kuwa? A ƙarshe na ƙara layi guda, wanda a da kunya ba ta barina in rubuta: in kin san wani mai buƙatar irin wannan aiki, ki ba shi lambata. Ashe kamfanin nan su suke ɗaukar kayanta. Manajansu ya ga kwalbarta a cikin sauran, ya tambayi wanda ya yi mata, ta ce ai ga lambarsa ma. Ka ji hanyar.

Da muka zauna ciniki da manajan, ya yi min tayin da na san bai kai ba. Na ce albarka. Na buɗe masa lissafi: awa nawa zane guda yake ci, da zaman tattaunawa, da gyara, da kuɗin manhaja, da lasisin salon haruffa, domin ba kowane salon rubutu da mutum ya sauko da shi kyauta ne aka yarda a yi kasuwanci da shi ba. Ya ce a rage kuɗi, na ce to a rage yawan zane. Daga 16 muka sauko 12, farashin kowane guda yana nan inda na ajiye shi. Da a bara ne da tuni na sallama tun a tayin farko.

Na san yanzu za ka kawo min labarin Nike, kamfanin takalman nan, da kake so. E, gaskiya ne, a 1971 wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana musu alamar nan aka biya ta dala 35. Amma kullum kana tsayawa a nan, ba ka ƙarasawa: a 1983 kamfanin ya kira ta ya ba ta zoben zinare da hannun jari. Ni abin da nake ɗauka a labarin shi ne mai zane ya tambayi inda zanensa zai je kafin ya yanka farashi. Tambarin da zai zauna a kati 100 da wanda zai hau motoci da kwalaye na shekaru ba kuɗinsu ɗaya ba.

Akwai abin da yake hana ni barci, ba zan ɓoye maka ba. Tun da Canva, manhajar nan ta haɗa zane cikin sauƙi, ta fito a 2013 mutane suke haɗa ƙananan fosta da kansu, daga 2022 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara fitar da hoto daga rubutu cikin daƙiƙoƙi. Ƙananan ayyukan da nake cike gibi da su, katin gayyata da sanarwa, sun ragu sosai a hannuna. Ina ganin wanda zai tsaya shi ne wanda zai zauna da mai kaya ya fahimci wa yake son sayar wa, ya kuma tabbatar abin ya fito daidai a takarda. Da wannan nake ƙarfafa zuciyata, duk da haka tsoron yana nan. Kuma kwangilar nan wata shida ce kawai. Na yi wa kaina alkawari ba zan bar kamfani ɗaya ya zama shi ne dukkan abincina ba. Kowane mako zan ware yini guda na neman sababbin kwastomomi, ko aiki ya yi min yawa, kuma duk kuɗin da ya shigo zan cire wani kaso in ajiye saboda watan da zai zo babu komai.

Af, ka ji mutumin naka mai babur ya sayar da babur ɗin? Wanda ya rantse tare za a binne su! Yanzu a ƙafa yake zuwa wurina, wai in zana masa katin sabuwar sana'arsa, kuma har yau ya ƙi faɗa min ko wace sana'a ce. Na ce masa rabi kafin alƙalami, ya ce zai kai ƙarata wurinka. Ka shirya. Kawu kuma jiki ya yi sauƙi, har ya fara fita. Ya tambaye ka sau biyu, ka daure ka kira shi, ka san ba zai taɓa fara kira ba. Babban Yaya ta sauya gida, sabon ya fi kusa da ni, yaran suna zuwa suna cika min ɗaki, ƙaramin har ya iya riƙe linzamin kwamfuta.

Wani abu kuma: littafin nan mai baƙin bango da nake zane a ciki muna aji, ina kyautata zaton yana cikin akwatinka tun ranar da muka kwashe kaya. In ka gan shi ka ɗauki hoton shafin da na zana maka tambarin kamfanin da ka ce za ka buɗe, ka turo min. Ina so in ga yadda hannuna yake a lokacin. Kamfanin kuma muna nan muna jira, ranka ya daɗe, shugaban kamfani.

Dare ya yi, gobe da safe zan kai musu zanen farko, kwalbar ruwan wanke kwanuka ce, kuma har yanzu ban gamsu da launin murfin ba. Ka gaida amarya da kyau, ka ce ina ba ta haƙurin shirun da na yi. Ka rubuto da wuri, kada ka rama.

Naka har kullum,
Abokinka