Uwata, ga abin da Inna ta bar miki

Zariya, daren Juma'a

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aikin bautar ƙasa, ya kuma ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya kyautata namu bayan nata.

Na lura tun ranar da aka yi rasuwa gaisuwarki a waya ta gajarce. Ina kwana, lafiya lau, sai ki ce a ba mamanki. Na san dalili. Kin roƙe ni a jira ki, ban jira ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don in na kira ki muryata ba za ta kai ni ƙarshen magana ba.

Inna ta cika bayan sallar asuba, tana kan buzunta, carbi bai bar hannunta ba. Kafin hantsi gida ya cika har ƙofar zaure. Ke kuwa kina Badun. Ko da kin samu mota a take, sai kin bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, dare ya riske ki a hanyar da ni kaina ba na son a bi ta da duhu. In ajiye uwata ta kwana, in kuma jefa 'yata a wannan hanya? Annabi (SAW) ya yi umarni a gaggauta jana'iza, ita ma ta sha faɗa cewa ranar da ta tafi kada a shanya ta ana jiran wani. Goggonki da matan unguwa suka yi mata wanka, aka sallace ta a ƙofar gida kafin azahar. Ban yi nadama ba, amma na san abin da na hana ki, kuma ina neman ki yafe mini.

Kin san ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, domin nata ne. Ranar da aka raɗa miki shi ta yi kamar ba ta ji daɗi ba, wai an kawo mata kishiya har da ƙwace suna. Da aka yaye ki kuwa, ita ta aiko aka ɗauke ki, kika shekara bakwai a ɗakinta kina kwana a bayanta a gadon ƙarfen nan mai rumfa. Duk jikokinta babu wanda ya san ƙamshin ɗakin nan kamarki. Amma akwai abin da ba ki sani ba, ni ma sai a zaman makoki na gama saninsa.

Ba ta taɓa faɗin shekarunta da lamba ba. In an tambaya sai ta ce an kawo ta gidan nan shekarar da Sarki Ja'afaru ya rasu aka naɗa Sarki Aminu, wato 1959. Ta ga sarautar Shehu Idris tun daga 1975 har ƙarshenta a 2020, ta kuma ga sarki na yanzu. An canja kuɗi zuwa naira a 1973, amma har ta bar duniya sule da fam take lissafi, ta bar mu da wahalar juyawa. Da kakanki ya rasu ina aji uku a firamare, ta gama takabarta wata huɗu da kwana goma, dangi suka so a raba mu, kowa ya ɗauki ɗaya. Ta ce 'ya'yanta ba goron biki ba ne. Sai ta kama sana'ar man gyaɗa. Ta soya, ta murje, a kai inji, ta dawo ta yi ta juya ƙullun a turmi tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, ta kwashe, ta murza tunkuza ta toya ƙuli-ƙuli. Ni ke ɗaukar kwalabe in zaga da su daga Kwarbai zuwa Babban Dodo, wani lokaci har in fita ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada. Da wannan mai na gama sakandare, da shi na shiga jami'a a Samaru. Tabon ƙunan da kike wasa da shi a damtsenta kina yarinya, daga nan ya samo asali.

Wannan duk na sani. Abin da ban sani ba shi ne inda ribar take tafiya bayan mun girma mun hana ta wahala, ita kuma ta ƙi bari. Ran sadakar uku wata tsohuwa daga Limancin Kona, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta sa jikanta ya riƙo mata sanda har ɗakin mamanki. Idonta ya tafi shekaru da yawa. Ta ce duk ranar Juma'a ta duniya akwai kwanon tuwo da kwalbar mai da ke zuwa mata daga Inna, ko ana ruwa ko ana sanyi. Bayanta wata ta zo, matar wani almajiri da ya taɓa yi mana ɗiban ruwa, ta ce Inna ce ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da kuɗin adashenta, ta kuma rantsar da ita kada ta faɗa. Kawunki ya ƙirga irin waɗannan gidaje har shida kafin ya daina ƙirgawa ya fita waje. Mu da muke aika mata kuɗin wata muna mita wai ba ta iya riƙe kuɗi ba, ashe mu ne ba mu san lissafin ba.

Ba na cewa ba ta da laifi. Inna tana da faɗa, kin fi kowa sani. Mamanki ta sha wuya a hannunta shekarun farko, kan gishirin miya kaɗai sai a yini. In ta ƙi abu ta ƙi shi ke nan, har maganin hawan jini sai an yi da gaske take sha. Amma ba ta kwana da mutum a ciki. Ta yi miki faɗa da safe, da yamma ta aiko miki da fate mai zafi da yakuwa, ƙuli a daka a kai, ita ke nan ban-haƙurinta.

To, Uwata, ga abin da nake so da ke. Na ga hotonta da kike ta sakawa a WhatsApp, wanda aka ɗauka a asibiti ba ɗankwali. Ki cire shi. Matar da ko mai hoto ya zo biki sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ba za ta so a riƙa yawo da ita haka ba. Kewar da ke sa ki yin haka, ki juya ta addu'a bayan kowace salla, wannan yana isa gare ta. Kuma ya zo a hadisi cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sadar da zumunci ga masoyan mahaifinsa bayan ya tafi. Ni da kawunki mun raba gidajen nan tsakaninmu, abincin Juma'a bai tsaya ba. Amma mu maza ne, iyakarmu zaure. Tsohuwar nan ta Limancin Kona ba tuwo kaɗai ta rasa ba, ta rasa wadda za ta zauna kusa da ita su yi hirar mutanen da duk sun mutu. Sau biyu tana tambaya ina takwara. Ita na bar miki.

Maganar gado an yi ta a gaban malam, an raba yadda shari'a ta ce. Jika ba ya gado muddin 'ya'ya maza suna raye, amma ta yi wasiyya a gaban goggonki cewa tasar tagullar nan da ta zo da ita gidan miji, da turmin man, naki ne. Na ce me mai digiri za ta yi da turmi, goggonki ta ce haka ta faɗa, haka za a yi. Suna ɗakinta, mun kulle, mabuɗin yana wurin mamanki. Ba a taɓa komai ba, har butarta tana inda ta ajiye ta.

In kun samu hutu ki taho da rana, ki kwana Ilori in ta kama, kada ki yarda da motar dare. Ki shiga Sabo a can Badun ki sayo farin goro mai kyau kamar ƙwarya ɗaya, tsohuwar ba ta da haƙoran ci amma tana son a goga mata. Ki zo ranar Alhamis, don Juma'a ke za ki ɗauki kwanon.

Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki